Kulkin Babanku

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya ja mini kwana har na iso wannan shafi. Na zo wurin da na daɗe ina kewayewa a littafin nan, wato shekarar da na yi a Riyad da dalilin dawowata. Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku. Binta ta ce Hafsatu ce ta kore ni. Sani ya ce zafin ƙasar ne da zaman ɗaki. Auta kuwa a gaban idona ta faɗa, tana dariya, wai na zaɓi sanda na bar jikoki. Ita ta fi ku kusa da gaskiya, amma ita ma ba ta kai ba. Hafsatu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina so a cire sunanta daga maganar nan tun ina da rai. Kun san da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba ya sauri. Ku karanta a hankali yadda na rubuta a hankali.

Sai na fara da Yayanku, don in ba a gane tsakanina da shi ba, ba za a gane sauran ba. Shi ne ɗan farina, kuma sunan mahaifin babanku aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. A ƙauyenmu na ƙasar Ningi, a zamanin da aka kai ni ɗaki, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Ranar da aka yaye shi kakarku ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita yake ce wa Inna. Ni Yaya yake ce mini kamar yadda ƙannen babanku ke faɗa, da na sauke farali ya koma Hajiya. Babanku ma bai taɓa yaba masa a gabansa ba. Ba wanda ya tilasta mana, haka muka tarar, kuma a wurinmu mutunci ne. Ko a ajinmu, ranar da malama ta ce kowacce ta rubuta sunayen 'ya'yanta, na bar layin farko ba komai na fara daga Binta. Malama ta duba, ta gane, ta wuce.

Da babanku ya rasu na fita takaba, Yayanku ya aiko cewa in koma wurinsu. Yana aikin injiniya, matarsa Hafsatu tana aikin jinya a asibiti, suna da 'yan mata biyu, Amira da Yasmin. Ya ce gida ya yi mini girma, ga ciwon gwiwa, can akwai magani. Ya yi ta fama da takardu har ya samo mini iƙama, wato izinin zama a ƙarƙashin sunansa. Binta ce ta haɗa mini kaya, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Da ta fita sai na janye kulkin babanku daga bayan ƙofa, na naɗe shi da zani biyu, na sa shi can ƙasan jaka. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ban san laifi ba ne.

Kun san kulkin, amma ban sani ba ko kun taɓa dubansa da kyau. Babanku ne ya sassaƙa shi da hannunsa tun yana saurayi, lokacin da yake bin mahaifinsa farauta. Ƙaramar kirya ya tono da saiwarta, ya bar ƙullin saiwar ya zama kai, jikin ya zama mariƙi. Ya ce in aka haɗa kai daban mariƙi daban, ranar da ake buƙata ranar suke rabuwa. Tsawonsa kamu ɗaya ne da ɗan ƙari, kansa ya kai dunƙulen hannun namiji, ya yi baƙi ya yi santsi don duk Juma'a sai ya shafa masa man shanu. A wuyansa, daidai ƙarƙashin kan, akwai fata ɗinkakkiya mai ɗan tudu a gefe guda. Wannan fatar ita ta jawo komai.

Gidansu a unguwar Suwaidi yake, hawa na biyu. Ɗakina yana da kyau, gado mai laushi, bayi a ciki. Tagar kuwa gilashinta irin wanda haske ke shiga amma ido ba ya fita. Babu tsakar gida, babu zaure. Da safe ƙofa takan buɗe sau uku ta rufe sau uku, shi ya tafi, ita ta tafi, yara su tafi, sai a bar ni da ƙugin na'urar sanyi har la'asar. Ni da na saba kafin hantsi mata biyar sun yi sallama, wannan aron rariya, wannan ɗiban wuta, sai ga shi na yi wata huɗu ban san fuskar matar da muke haɗa bango da ita ba. Ina jin tarinta, ina jin sanda take jan kujera. Ba zakara, ba amon turmi. Kiran salla kaɗai ke shigowa daga waje da muryar da na gane. Yaran suna da ladabi, sukan sumbaci goshina su ce Jadda, wato kaka da Larabci, amma Hausarsu daga ina kwana sai lafiya lau ta ƙare. In na fara ba su labari sai su dubi juna, Amira ta juya wa Yasmin da Larabci abin da ta tsinta, su yi murmushi don kar in ji kunya, su koma ɗakinsu. Wata Juma'ar akan kai ni Bataha, inda shagunan mutanenmu suke. Akwai wani Bakano mai sayar da garin tuwo, nakan ja gaisuwa da shi, ya gida, ya iyali, ya labarin damina, har sai na ga Yayanku ya dubi agogo.

A cikin wannan zama na fara fito da kulkin. Da farko ranar Juma'a kawai, in shafa masa mai yadda mai shi ke yi. Daga baya kullum. Nakan zauna a ƙasa in ɗora shi a cinya, inda hannun babanku ya cinye itacen ya yi ɗan kwari nan nake sa nawa hannun. Ban san ranar da na fara magana ba. Ba da itace nake magana ba, na san itace ne. Shekara arba'in da wani abu na saba in an yi abu in faɗa wa mutum ɗaya, bakin bai san an mutu ba. Nakan ce masa gwiwa ta yi sauƙi, Yasmin ta fitar da haƙori, tuwon nan na garin kanti ba ya kama ciki.

Da azumi ana tashi aiki da wuri, ni kuma ban riƙe lissafin ba. Wata rana bayan azahar ina zaune da kulkin da ɗan kwanon mai, ina magana ƙasa-ƙasa, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Yayanku ne, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya tsuguna nan bakin ƙofa, don bai taɓa shiga ɗakina ya wuce nan ba, ya gaishe ni, na amsa ina duban bango.

"Hajiya, da wa ake magana?"

Na rufe kwanon man.

"Me ke cikin fatar nan?"

"Ba komai."

"To in ba komai, a bari in kawo reza a farke a gani, hankalin kowa ya kwanta."

"Ba za a farke ba."

Sai ya yi mini bayani da murya mai sanyi, kamar yadda yake yi wa yaransa. Ya ce ƙasar nan ba kamar gida ba ce, a nan duk abin da aka ɗinke cikin fata laya ce, laya kuma a idon hukuma sihiri ce, ba a wasa da maganar. Ya ce ya san wani mutumin wajenmu da aka samu da guru a jakarsa, har yau iyalinsa ba su gama fita daga wahalar ba. Mai gyaran na'urar sanyi yana shiga ɗakin nan, yara suna da baki a makaranta, in magana ta fita aikinsa da na Hafsatu da karatun yara duk sun tafi. Duk wannan na ji, kuma gaskiya ya faɗa. Sai ya ƙara da abin da ya tsaya mini a ƙirji.

"Baba ya yi zamaninsa da abin da ya sani na mafarauta. Allah ya gafarta masa. Amma mu bai kamata mu ɗora a kai ba."

Ya ce in yi tunani zuwa bayan Salla, ko a farke fatar, ko kulkin ya bar gidan. Da na buɗe baki a ranar na faɗi abin da na sani, da magana ta ƙare kafin la'asar. Amma labarin fatar nan labarinsa ne, kuma ba yadda za a ba da shi ba tare da na faɗi abin da na yi a kansa ba. Farkewa kuwa ba zan yarda ba, don fatar ce ke riƙe da kan, in aka yanke ta kulkin ya zama guntaye biyu. Shi kuma ya ɗauki ƙin da na yi a matsayin shaida.

Yanzu ku ji abin da Hafsatu ta yi, ku da kuke zarginta. Ita ta yi ta neman hanyar da ba za a ɓata wa kowa ba. A asibitinsu akwai wata abokiyar aikinta, Sista Rut, mutuniyar Kanada, tana zaune a irin gidajen nan masu katanga da ake ware wa baƙi, inda ba mai shiga ya duba kayan mutum. Hafsatu ta roƙe ta ko za ta ajiye mini kulkin a wurinta, ta ce sai ta ga mai shi tukuna. Kwana uku bayan Salla ta zo da yamma, Yayanku ya fita da yara. Ina jiran Baturiya, sai ga mace mai faɗin fuska, fatarta kamar ta Buzaye, gashi baƙi mai santsi da furfura a gaba. Hafsatu ta ce ai su ne mutanen ƙasar Kanada na asali tun kafin Turawa su je, sunan ƙabilarsu Anishinabe, suna zaune a bakin wasu tafkuna masu girma kamar teku. Na yi mata masa, ta ci da hannu.

Da na fito da kulkin ba ta kai hannu ba. Ta ce wa Hafsatu ta tambaye ni ko an yarda mace baƙuwa ta taɓa. Tun da babanku ya rasu ba wanda ya nemi iznina a kan wani abu nasa sai ita. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta bi saiwar da yatsa, ta yi wata 'yar dariya. Sai ta ciro waya ta nuna mini hoto. Na ga kulki, kansa dunƙulalle kamar ƙwallo, mariƙinsa ya ɗan lanƙwasa, an sassaƙa wata 'yar dabba mai dogon jiki ta kwanto ta bayan mariƙin ta cije ƙwallon da baki. Ta ce kakanninta da irinsa suke fita yaƙi, kuma su ma ƙullin itace suke nema, inda saiwa ko reshe ya kumbura, don kai da mariƙi su zama abu ɗaya. Na ce wa Hafsatu ta gaya mata haka babanku ya ce, kalma da kalma. Ta nuna mini wani kuma na maƙwabtansu na filin ciyawa, waɗanda ake kira Siyu, su kuma suna ce wa kansu Dakota. Nasu kamar gindin bindiga aka sassaƙa shi, an jera masa ƙusoshin tagulla, da ƙarfe mai tsini a gwiwarsa.

Ta komo kan na farko ta buɗa hoton da yatsu biyu. A jikin mariƙin akwai zane, 'yan mutane da layuka a jere. Ta ce mai kulki yakan zana abin da ya faru da shi, fita nawa ya yi, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Na tambaya to wannan me ya ce. Ta girgiza kai. Ta ce kulkin yana wani gidan ajiye kayan tarihi a wata ƙasa ta ƙetaren teku. Tsofaffin garinsu sun ce daga wajensu ya fito, don dabbar alamar zuriyarsu ce. Ta tara hutunta ta je takanas, ta same shi a bayan gilashi, ba a taɓawa, an liƙa masa lamba, an rubuta a 'yar takarda cewa kulki ne na itace, ba a san mai shi ba. Kakarta ce ya kamata ta san labarin, amma tun tana ƙarama aka ɗauke ta zuwa makarantar kwana inda ake hana su yarensu, kafin ta dawo masu labarin sun mutu. Ta ce ta tsaya gaban gilashin har mai gadi ya fara kallonta.

"Ki gaya wa Mama zan ajiye mata in tana so. Amma itace kawai zan ajiye. Wannan fatar, wa ya san dalilinta?"

Hafsatu ta juya mini. Na ce ni kaɗai. Ta ce to tana so ta ji. Na dubi Hafsatu, surukata, matar wanda labarin yake kansa, na ga ba zan iya a gabanta ba. Sai na ce mata shayin nan ya huce, ta dafa mana wani, ta sa citta ta bar shi ya dahu sosai. Yarinyar kirki, ta gane, ta fita ta ja ƙofa. Na juya ga matar nan da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa na ba ta labarin tun daga farko, kuma ga shi yadda na ba ta.

Da kaka ne, muna cirar gyaɗa a gonar bakin daji, ni da kakarku da matan gida. Yayanku yana da shekara ɗaya da rabi, ba a yaye shi ba. Na kwance shi daga baya na shimfiɗa majanyi a ƙarƙashin kaɗanya na zaunar da shi, na koma kunyar gyaɗa ta can nesa don kar a ce ina gadinsa. Babanku yana gefe yana tara harawa, kulkin na rataye a ƙugunsa. Ashe wasu mafarauta na ƙauyen gaba sun harbi mugun dawa ba su kashe ba. Sai muka ji ciyawa tana karyewa, ya fito da kibiya a kafaɗa, jini na zuba, ya miƙe sak wajen kaɗanyar. Yaron yana zaune yana cin ƙasa. Ban san sanda na yar da fartanya ba. Na ruga ina kiran sunansa da iyakar muryata, sau uku, sunan surukina, a gaban matarsa, a gaban kowa. Babanku ya riga ni. Ya faɗa tsakaninsu, dabbar ta sa haure ta tsarge masa cinya tun daga gwiwa, shi kuma ya sauke mata kulkin a tsakar ka, bugu biyu. A na biyu itacen ya tsage a wuya. Na ɗauke yaron na ƙanƙame shi ina kuka ina shinshinar kansa, na ɗaure cinyar babanku da majanyin. Da hankali ya dawo na ga matan gida sun kewaye ni, kunya ta rufe ni kamar in nutse. Kakarku ta karɓi yaron daga hannuna ta goya shi, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Yau ba wanda ya ji komai a gonar nan."

Kuma ba a sake tayar da maganar ba. Babanku ya yi wata biyu a kwance. A kwancen nan ya cika tsagar da ƙaro, ya yagi bakin majanyin ya naɗe, ya ɗinke da ɗanyar fata ta bushe ta kama. Ɗingishin da kuka san shi da shi har ya mutu daga nan ne. Da kuka girma kuka tambaya ya ce daga kan ɗorawa ya faɗo, don ba zai iya cewa saboda ɗan farinsa ya rasa ƙafa ba.

Sista Rut ba ta ɗauke ido daga kaina ba har na gama. Da na zo wurin kiran, na faɗi sunan yadda na faɗe shi a gona, sai na ga ta juya ta dubi hoton Yayanku da ke jikin bango, don ta san sunan mijin abokiyarta. Abin da ta tsinta ke nan a duk labarin. Ta mayar mini da kulkin a cinya, ta ɗora hannuna a kai, ta ɗora nata a kan nawa. Da Hafsatu ta shigo da shayi ta ce mata ba za ta ɗauka ba, wannan ba na ajiya ba ne.

Yayanku ya ce to a aika da shi gida ta hannun masu jigilar kaya. Muka je Bataha ranar Juma'a. Na ga kwalaye jibge har rufi, ana naɗe su da leda, wani yana bi da alƙalami yana rubuta lamba a jikin kowanne. Na tuna hoton nan na bayan gilashi. Gidanmu a rufe yake, wa zai karɓa, a wane lungu za a jefa shi? Ina daga kujerar baya a mota na ce ni zan kai shi da kaina. Sai Yayanku ya ce biza iri biyu ce, akwai ta fita a dawo, akwai ta fita gaba ɗaya wadda ke kashe iƙama, wacce za a yi? Ina so ya ce in je in dawo, yara sun saba da ni. Na jira. Ina ganin idonsa a madubi, shi ma jira yake.

"Duk wadda ta fi muku sauƙi."

"Duk wadda Hajiya ta fi so dai."

"A yi ta gaba ɗayan, kar a yi ta wahalar takardu."

"To."

Hafsatu ta juyo ta dube ni, ta dube shi. Daga baya ta same ni a ɗaki tana hawaye ta ce in bari ta yi masa magana, na hana ta. Shi ya ɗauka zaman ne ba na so, ni na ɗauka nauyi na zame masa. A cikin mako biyu aka gama komai.

Da hannunsa ya naɗe kulkin cikin tsofaffin kayan yara ya sa a tsakiyar jaka. A filin jirgi ya tsaya yana kallon jakar har ta shige, gumi na bin wuyansa duk da sanyin wurin. Yasmin ta riƙe mini mayafi tana tambayar uwarta da Larabci yaushe Jadda za ta dawo. Ya tsuguna a gabana cikin mutane.

"Hajiya, a yafe mini."

"Ba ka yi komai ba. Allah ya yi albarka."

Allon tashin jirage da ke bayansa nake kallo lokacin da na faɗa.

Abin da ya biyo baya kun sani. Na dawo wurin Auta, kulkin yana bayan ƙofata. Gwiwar da aka fara yi wa magani ta koma yadda take. Yaran sun girma ban gani ba, Amira har ta shiga jami'a, in an ba su waya mu gaisa mu yi shiru. Shi kuma duk Juma'a sai ya kira, bai taɓa fashi ba. Ya jiki, ya ruwa, me ake buƙata. Ba ma wuce minti uku. Sista Rut ta koma ƙasarsu, Hafsatu ta ce ta bar mini gaisuwa. Nakan tuna ta tsaye gaban gilashi. Kakarta hana ta aka yi. Ni ba wanda ya hana ni, kakarku da ta ce ba a ji komai ba ta daɗe a ƙasa, kuma don ta rufa mini asiri ta faɗa. Ban ce al'adarmu banza ce ba, ta raine mu da mutunci. Amma na riƙe ta a ranar da ya kamata in sassauta, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Saura kai. Na san Auta za ta ɗauki hoton shafukan nan ta tura maka, na kuma ce ta tura. Babanka bai faɗo daga kan ɗorawa ba, kuma bai bar abin da za ka nema masa gafara a kansa a cikin fatar nan ba. Da ka tambaye ni me ke ciki na ce ba komai, wannan ne kaɗai ban faɗa maka daidai ba. Akwai ƙaro, akwai bakin majanyin da nake goya ka da shi. Kulkin naka ne. Ba sai ka kai shi can ba, ka zo nan ka riƙe shi, in ka ga dama ka farke, yanzu ko ya rabu biyu ba abin da zai ɓata.

Littafina na ajin yaƙi da jahilci yana nan a ƙasan akwati. Jiya na sa Auta ta ciro shi, na buɗe shafin nan mai layin farko ba komai, na cike shi. Harafin farko ya karkace, amma yana karantuwa. Ga shi na sake a nan don ka gani da idonka.

Haruna.